Injin da ka kashe bai mutu ba

Ƙannena masu karatun lantarki a Jidda da Makka da Madina, har da waɗanda ke koyon gyara a shagunan unguwa, ga abin da ya kusa kai ni kabari da kuma abin da ya zubar mini da mutunci a wurin aiki. Na daɗe ina gyaran injin gashin masu ciwon daji a wani asibiti a Jidda, kuma duka biyun hannuna ne ya jawo.

A Makka na tashi, wajen Shari'a Mansur, a shagon kawuna mai gyaran firji da na'urar ɗumama abinci. A can na fara shan duka daga kafasita, wato abin da ke tara cajin wuta ya ajiye. Na cire fulogi, na buɗe murfi, na kai sukundireba, sai na ji kamar an maka mini taɓarya a gwiwar hannu. Kafasitar wannan na'urar takan riƙe wajen bolt 2,000, kuma cire fulogi ba lallai ya sauke ta ba. Kawu ya yi dariya ya ce, “Jiki magayi.” Ni ma na yi dariya, kuma dariyar nan ce ta cuce ni, domin na tashi da tunanin cewa abin zafi ne kawai, ya wuce.

Ku fara gane yadda injin gashin yake aiki, don nan ne hatsarin yake ɓoye. Kun san adashin da iyayenmu mata ke yi, wanda a nan ake ce wa jam'iyya: kowa ya zuba kaɗan-kaɗan, ranar kwasa mutum ɗaya ya ɗauke duka. Haka wutar take. Ana tara caji a hankali cikin jerin kafasitoci da naɗin waya, sai wani bututu mai iskar haidurojin da ake kira tairatiron ya buɗe hanya, a juye duka cikin kashi 4 ko 5 cikin miliyan na daƙiƙa. Taransifoma ta ɗaga shi zuwa dubun dubatar bolt, ya faɗa kan magnetiron. Shi kuma ya haifar da igiyar maikirowef mai kaɗawa kusan sau biliyan 3 a daƙiƙa, wadda ke tura ƙwayoyin ilektiron cikin bututun tagulla har su kusa gudun haske, su daki ƙarfen tangistin, hasken da ke ƙona ƙari ya fito. Wannan magnetiron ɗin jikan wanda John Randall da Harry Boot suka ƙera ne a Birmingham a 1940 don na'urar hango jirage. Manyan injuna kuma, a madadin magnetiron, kilistiron suke amfani da shi, wanda 'yan'uwan nan biyu, Russell da Sigurd Varian, suka fito da shi a Stanford a 1937. Tun 1953 aka fara gasa mara lafiya da irin wannan injin a asibitin Hammersmith na Landan.

Ga lissafin da na raina ina ɗalibi. A ce bugu ɗaya, wato juyewar caji sau guda, wat miliyan 2.5 ne, tsawonsa kashi 4 cikin miliyan na daƙiƙa, ana yinsa sau 250 a daƙiƙa. In ka baje shi, wat 2,500 kacal za ka samu, kamar na na'urar sanyaya ɗaki. Ni wannan ƙaramin adadin na riƙe a kaina. Babban kuwa shi ke jiran hannunka. Kuma ƙarfin da kafasita ke ɓoyewa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da bolt: in ka ninka bolt sau biyu, ƙarfin sau huɗu yake ninkuwa. Kafasita mai maikirofarad 1 a bolt 10,000 tana riƙe jul 50 (jul shi ne ma'aunin ƙarfin da aka tara). A bolt 20,000, jul 200 ne. Hamsin ɗin ma tana iya tsayar da zuciya.

Ranar da abin ya faru azumi ake, saura kaɗan a sha ruwa, ni kuma ina son in kama motar Makka. Na kashe injin, na buɗe ƙofar akwatin da ke haɗa bugun. An yi shi ne yadda da ka buɗe ƙofa cajin zai sauka da kansa, don haka ban ko kalli sandar sauke caji da ke rataye a gefe ba. Hannuna ya kusa kai wa ƙarfe sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Shugabanmu ne, wani dattijo Bahaushen Sudan ɗan Mai Wurno, da muke ce wa Baba Muhandis.

“Ɗana, wa ya gaya maka babu kowa a ciki?”

“Baba, ai na kashe.”

Bai amsa ba. Ya duba wayar ƙasa ta sandar ya tabbatar tana ɗaure, ya sa hannun hagu a aljihu, ya kai ƙugiyar kan kafasita. Ƙarar ta fito kamar harbin bindiga. Da ya janyo sandar, bakin tagullar ya yi wani ɗan rami baƙi, ɗakin kuma ya ɗauki warin nan mai kaifi da ke biyo bayan tartsatsi. Ashe rezistar da ke sauke cajin ta ƙone tuntuni, babu wanda ya sani. Na zauna a ƙasa, ƙafafuna suna rawa.

Bai bar ni na tafi ba. Ya ce in jira minti goma. Aka kira sallah, muka sha ruwa da dabino a tsaye, sannan ya sa mita a kan kafasitar da muka sauke a gabana. Allura ta motsa. Cajin ya ɗan dawo, ba tare da an kunna komai ba. Abin da ke tsakanin faranten kafasita yakan shanye wani kaso na cajin, ya riƙa sakinsa a hankali bayan an sauke. Shi ya sa manyan kafasitoci ke zuwa daga kamfani da waya ɗaure a bakinsu biyu. Ni a da cire wayar nake in jefar, ina ganin tarkacen kwali ce. Saboda haka, ƙannena, in kun sauke caji ku bar ƙugiyar a maƙale har ku gama aiki. Hannu ɗaya a aljihu, a cire agogo da zobe, kuma kada ku shiga irin wannan akwatin ku kaɗai, ko da maigida yana huci a waya.

Kuskure na biyu bai taɓa jikina ba, marasa lafiya ya taɓa. Injin ya riƙa katsewa a tsakiyar gashi, ana jin ƙas-ƙas ta ciki. Nan take na yanke cewa magnetiron ne ya tsufa, na rubuta a kawo sabo. Kaya ne mai tsada, kuma sai da aka jira shi daga waje. Kwanaki injin yana tsaye, mutanen da suka taso daga Ɗa'ifa da Jizan suna komawa ba a gasa su ba. Aka ɗaura sabo, ƙas-ƙas ɗin nan bai fasa ba. Iska ta gari tana fashewa ta ba wuta hanya a wajen bolt 30,000 kan kowace santimita, shi ya sa ake cika bututun da ke ɗaukar maikirowef da iskar SF6, wadda ta fi juriya. Tamu tana ta zurarewa ta wata roba da ta bushe. Ma'aunin iskar yana nan a gaban idona, allurarsa ta sauka, ban duba ba. Ban kuma ɗora osiloskof, na'urar da ke zana wuta a allo, na ga siffar bugun ba, alhali da na duba da na ga magnetiron ɗin lafiyarsa ƙalau. Ku ƙara da laimar Jidda: ƙura ta kwanta a kan abin da ke raba wuta, damshin teku ya jiƙa ta, sai wutar ta samu hanyar rarrafe. Tsumma mai tsabta ya sha warkar da abin da na so in kashe wa dubban riyal.

Wanda ke sha'awar fannin nan ya nemi fahimtar dabarar Erwin Marx, Bajamushen da a 1924 ya nuna yadda za a cika kafasitoci suna jere gefe da gefe, sannan tartsatsi ya ɗora su kan juna a lokaci guda, goma masu bolt 20,000 su ba da kusan 200,000. Har yau a kanta manyan injuna suka dogara, ciki har da injin Z na cibiyar bincike ta Sandiya a Amurka, mai sakin amfiya sama da miliyan 20 cikin kusan kashi 1 cikin miliyan 10 na daƙiƙa. Amma kada wani ya ga bidiyo a YouTube ya kwaso taransifomar na'urar ɗumama abinci daga kasuwar gwanjo ya ce zai gwada a saman bene. Wannan taransifomar ta kashe masu gwaji da dama. Ku fara da ƙaramin bolt a ɗakin gwaji na makaranta, ku koyi auna bugu da karanta siffarsa tukuna.

Da Baba Muhandis zai yi ritaya, asibitin ya sayi sababbin sanduna. Na roƙi tsohuwar aka ba ni. Duk yaron da aka turo mini koyon aiki, ranar farko nakan miƙa masa ita in ce ya shafa ramin da ke bakin tagullar da yatsansa, sannan mu je mu buɗe akwatin.