Takardar hisabin kai a wurin masu barin shaye-shaye

A cibiyar gyaran hali da nake aiki, babu abin da samari ke gudu kamar a zaunar da su da biro da takarda a ce su rubuta hisabin kansu. Yaro zai jure ciwon gaɓoɓi da rashin barcin da ke biyo bayan barin tiramol ko kodin, amma da ka miƙa masa littafin rubutu sai ya ce kansa na sarawa.

Daga Amurka tsarin ya fito. Bill Wilson da Dakta Bob Smith ne suka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous, ta masu neman barin shan giya, a garin Akron na jihar Ohio a 1935, aka buga matakanta 12 a 1939. Na huɗunsu shi ne mutum ya binciki halinsa ba tare da tsoro ba. Yaranmu ba sa jin abin baƙo idan na tuna musu maganar Sayyidina Umar, cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku.

Gida huɗu muke ja a shafi: wa kake riƙe da shi a zuciya, me ya yi maka, me abin ya taɓa maka (mutunci, aljihu ko aure), sannan mene ne naka a ciki. Ukun farko ba sa wuya. Baba ya kore ni, Yaya ya zage ni a gaban abokaina, mai gida ya hana ni haƙƙina. Na huɗun ne ke zama wayam. Wani matashi ya daɗe yana kewaya shi, sai wata safiya ya rubuta layi ɗaya: "Na sayar da keken ɗinkin Inna." Ya ce mini, "Malam, da shi take ciyar da mu." Daga ranar muka fara aiki na gaskiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata maɓoya da ba a cika lura da ita ba. Wasu sukan cika shafi da "ni lalatacce ne, ba ni da amfani." Mai gani zai ɗauka nadama ce, alhali gudu ne, domin wanda ya yanke wa kansa hukunci dunƙule ya huta da faɗin abin da ya ɗauka da kuma wanda ya cuta. Ɗan tireda mai ƙidayar kaya ba ya rubuta "shago ya lalace". Yana ƙirga abin da ya ruɓe da abin da ya rage. Shi ya sa nake dagewa a rubuta suna da abin da ya faru, a kuma rubuta halin kirkin da ƙwaya ba ta cinye ba.

Akwai inda ba na yarda a nemi laifin mutum ko kaɗan. Yarinyar da aka ci zarafinta tana ƙarama ba ta da abin rubutawa a gida na huɗu, kuma zalunci ne a matsa mata.

Wanda bai iya boko ba yakan rubuta da ajami. Idan ya gama, mataki na biyar ne ke biye: ya karanta wa mutum ɗaya da ya amince da shi. Nan iyaye kan so su gani, mu kuwa mukan ba su haƙuri. Yaron da ya san Baba zai karanta takardarsa, abin da Baba ke son ji zai rubuta.