Godiya bayan kammala maganin tarin fuka

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, na shanye maganin tarin fuka na wata shida, gwajin majina na ƙarshe ya fito babu ƙwayar cuta, likita kuma ta rubuta a katina cewa na warke. Waɗanda suka yi ɗawainiya da ni sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na rubuta wannan. Ban kama sunan kowa ba saboda ban nemi izini ba, amma duk wanda ya ga kansa a ciki ya san da shi nake.

Zan fara da likitata. Allah ya saka miki da alheri, ranki ya daɗe. Magani kowane likita zai iya rubutawa, amma ke kin zauna kin amsa tambayar da ta hana ni sakat: me ya sa wani ciwon maƙogwaron ko maruru, su ma aikin bakteriya ne, ake gama maganinsu cikin mako guda ko biyu, ni kuma aka ɗora mini wata shida? Amsarki ce ta riƙe ni har ƙarshe, don haka bari in maimaita ta yadda na fahimta.

Ƙwayar tarin fuka, wato tibi, tana shiga ta iska ne, cikin ɗigon da ido ba ya gani, ta sauka can ƙuryar huhu. A wurin akwai wata ƙwayar garkuwar jiki da ake kira makrofaj, aikinta haɗiye duk wani baƙo. Idan ta haɗiye shi sai ta naɗe shi cikin wata 'yar jaka, jakar ta je ta haɗe da wata mai ɗauke da asid da sinadarai masu narkarwa. Yawancin bakteriya a nan labarinsu yake ƙarewa. Ita ta tibi tana sakin wasu sinadarai da ke hana jakunkunan nan biyu haɗuwa, su kuma hana ruwan cikin jakar yin tsami. Ga ta da bango mai kaurin kitse wanda ba komai ke ratsa shi ba. Sai ta yi zamanta a cikin makrofaj ɗin, tana ci daga kitsen da ke ciki, tana haihuwa. Kamar a kama ɓarawo a kulle shi a ɗaki, shi kuwa ya mayar da ɗakin masauki har ya tara iyali.

Jiki ba ya gane an yaudare shi da wuri. Sai an ɗauki makonni kafin wasu ƙwayoyi su kai samfurin baƙon zuwa kaluluwar da ke cikin ƙirji, a can a tayar da wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira ƙwayoyin T, musamman masu alamar CD4. Su ne ke dawowa huhu suna sakin wani sinadari, intaferon-gama, mai zaburar da makrofaj ta yi aikin da aka hana ta. Duk da haka ba kasafai ake kashe cutar baki ɗaya ba. Abin da jiki ke iyawa shi ne ya kewaye wurin: makrofaj masu ɗauke da cutar a tsakiya, ƙwayoyin T a gefe, har ya zama ɗan ƙulli da likitoci ke kira giranuloma. A haka mutum zai yi shekaru, ba tari, ba zazzaɓi, ba ya kuma harba wa kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar, kuma kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne kawai cikinsu cutar ke tashi musu a tsawon rayuwa. Tana tashi ne idan garkuwa ta yi rauni: cutar HIV da ke cinye ƙwayoyin CD4 ɗin nan, ko tamowa, ko shan taba, ko ciwon sukari. Ni ta ƙofar sukari ta shigo mini.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jin cewa rabin wahalar da na sha daga jikina ta fito. Zazzaɓin yamma, gumin dare da ke jiƙa shimfiɗa, ramar da ta sa wasunku suka kasa gane ni, mafi yawa aikin sinadaran da ƙwayoyin garkuwa ke zubawa cikin jini ne, irin su TNF. Ramin da aka gani a hoton huhuna ma haka. Tsakiyar ƙullin nan ce ta mutu ta narke, fararen ƙwayoyin jini masu suna nutrofil suka yi wa wurin ca da sinadaransu masu cin nama, har ya ɓalle zuwa hanyar iska. Daga nan tari ya samu abin fitarwa, ƙwayar kuma ta samu hanyar zuwa huhun wani. Wato ita ce ke cin ribar faɗan da ake yi da ita. Na daɗe ina juya wannan a raina.

To batun wata shida fa? Ƙwayar tibi sai ta yi awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu biyu, alhali bakteriyar E. coli ta cikin hanji na iya yi cikin minti 20 in ta samu wuri mai kyau. Wasu daga cikinta ma, waɗanda ke cikin ƙulli inda iska ta yi ƙaranci, kusan barci suke yi. Magungunan kashe bakteriya kuwa sun fi kama wadda ke girma. Masu motsi suna mutuwa da wuri, shi ya sa mutum ke jin ya warke tun a farko. Masu barci sai an yi ta jiransu. Haɗa magani huɗu a wata biyun farko, isoniyazid da rifamfisin da firazinamid da itambutol, sannan isoniyazid da rifamfisin su ci gaba wata huɗu, dabara ce don kada wadda ta tsallake wa ɗaya ta tsallake wa sauran.

Sista mai ba da magani, ke kika san lokacin da na fara jin ƙarfi na soma tambayar ko ba za a rage ba. Kin ce mini a'a ba tare da kin ɗaga murya ba, kuma kin yi gaskiya. Ke kika gargaɗe ni tun ranar farko cewa rifamfisin zai mayar da fitsari da gumi ja-ja, da ban sani ba da na firgita gidan gaba ɗaya. Ke kika ƙara mini bitamin B6 saboda jijiyoyin ƙafa, kika dinga tambayata ko ganina ya canja, ko idona ya yi rawaya. Allah ya raya miki zuri'a.

Ma'aikatan ɗakin gwaji, ban san fuskar ko ɗayanku ba, amma majinar da ni kaina nake ƙyama ku kuka buɗe ta. Da na'urar GeneXpert kuka gano cutar, wadda cikin ƙasa da awa biyu take nuna ƙwayar, ta kuma nuna ko tana jin rifamfisin. Ɗana ya karanta mini cewa a ranar 24 ga Maris 1882 ne likita Robert Koch ya sanar a Berlin ta Jamus cewa ya ga wannan ƙwaya, kuma a shekarar ne masanin kimiyya Ilya Mechnikov, a Messina ta Italiya, ya soka ƙaya jikin jaririn wata halittar teku mai siffar tauraro, ya ga ƙwayoyin jikinta sun taru sun kewaye ƙayar. Ɗaya ya ga mai ɓarna, ɗaya ya ga mai haɗiye shi, a shekara guda. Ban san me ya sa hakan ya yi mini daɗi ba, amma ya yi.

Maiɗakina, ba a nan zan iya gode miki ba. Yayata, kin bar gidanki kin zo kin zauna da yara. Ƙanina, kai ka tattara duk mutanen gidan ka kai su gwaji, ka tsaya har aka ɗora ƙananan a kan maganin kariya, ka kuma riƙa buɗe tagogi ko ana sanyi ina mita. Abokan aikina, kun riƙe mini gurbina ba wanda ya yi mini gori.

Akwai waɗanda suka ja baya da suka ji sunan cutar, kuma ban riƙe kowa a zuciya ba, tsoro halal ne. Sai dai ku sani ba a ɗaukarta ta musabaha ko ta kofin ruwa. Ta iska ce, a rufaffen wuri, tare da wanda bai fara magani ba. Da an fara maganin da ya dace, haɗarin harbawa yana faɗuwa sosai cikin 'yan makonnin farko. Ƙofata a buɗe take yanzu.

Likita ta ce tabon huhun zai zauna, kuma zan ci gaba da zuwa ana duba ni tare da sukarin. Har yanzu hawa bene na sa ni haki, saboda haka masu gayyata su yi mini uzuri na ɗan lokaci.

Ina da roƙo ɗaya. Akwai wani matashi da muke haɗuwa a layin karɓar magani, shi gwajinsa ya nuna ƙwayar ba ta jin rifamfisin, an canja masa magunguna, kuma har yanzu yana kai. Ku sa shi cikin addu'ar da kuka yi mini.