Asabar: Kabi ba ta ciki

Sha ɗaya ta wuce, an ɗauke wuta tun bayan isha'i. Sau biyu ina kwanciya ina tashi, bari dai in rubuta ko na samu barci.

Saƙon ɗana Nura ya iso yau, wata tsohuwar taswira ce. Abokin nasa da ya sauka Abuja ran Talata ya ba wani direba, direban ya kira ni da hantsi, na hau mashin na je tasha. Tun daga Badariya nake addu'ar Allah ya sa ba a ɗora mata buhun albasa ba. Wannan karon yaron ya ji magana: tsakanin kwali biyu masu kauri ya sa ta, bai naɗe ba, bai kuma lafta mata salatif kamar ta bara ba.

'Yar ƙarama ce, da kaɗan ta fi tafin hannuna biyu. Shafi ne daga irin ƙananan kundin taswira da ake bugawa a Amstadam a shekarun 1600. Na wanke hannu, na shimfiɗa farin ƙyalle a kan gado, na bi ta yadda na saba. Na ɗaga ta a taga, ga siraran layukan nan na takardar da aka yi da hannu. Na shafa gefe da ɗan yatsa, na ji gurbin da farantin jan ƙarfe ya danna lokacin bugu. A bayanta rubutun Latin. Na sa madubin ƙara girma, babu ɗigo-ɗigon injin zamani, layin tawada ne tsaf yadda mai sassaƙa ya ja shi. Akwai tabon tsatsa guda uku a kusurwar ƙasa, wannan bai dame ni ba. Ta gaske ce. Ta Blaeu, mai buga taswira na Amstadam, da ke bangon falo, mai zanen birane tara a sama, su Tunis da Alkahira da Iskandariyya, kowa ya san kwafi ce, ko ban faɗa ba albashina ya faɗa.

Hajiya ta leƙo ta ce, "Nawa?" Na ce tsarabar ɗanta ce. Rabin gaskiya ne.

Bayan azahar taubashina Bala, mutumin Zamfara, ya shigo da Kawu Manu, daga wajen gaisuwar nan ta Gesse. Aka kawo fura. Da na yi shiru da bakina da yanzu ina barci, amma mai sabon abu ba ya iya zama. Na ɗauko ta.

Kawu ya gyara tabarau ya ce, "To karanta muna, mi anka rubuta?"

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Cano, Kano ke nan. Cassena, Katsina. Zegzeg. Guber, wato Gobir. Zanfara.

Bala ya ajiye ludayi. "Ɗan Kawu, maimaita na ƙarshen nan, ban jiya da kyau ba."

Na maimaita.

Kawu ya ce, "Kabi hwa?"

Na riga na sani tun da safe. Kai, na sani tun shekaru, duk irin waɗannan da na taɓa gani haka suke. Amma sanin abu kai kaɗai a ɗaka daban, a tambaye ka a gaban taubashinka daban. Na ce babu.

Bala ya yi dariyar nan tasa mai buga cinya. "Duk ganuwar Surame, duk kurin Kanta, ashe Bature ko labari bai ji ba! Mu da anka san da mu ga mu nan baƙi da hwari. Ku dai ku riƙe homa, ku ci gaba da kamun kihi."

Wasa ne. Shekara hamsin muna irinsa, tun yana zuwa hutu gidanmu muna faɗa kan ƙanzon tuwo. Ban san abin da ya hau kaina ba yau. Na ji wuyana ya yi zafi, sai ga ni ina ba da lacca kamar ina gaban 'yan aji shida. Na ce Kanta tun wajen 1516 ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai, kuma Songhai ba ta iya mayar da shi ba. Na ce duwatsun Surame suna nan, mai shakka ya je Binji ya gani. Na ce wanda ya sassaƙa farantin nan ko ƙafarsa bai taɓa sawa a ƙasar baƙar fata ba, kwafa ya yi daga wanda ya kwafa daga wani, kuma asalinsu duka bayanin Alhasan Alwazzan ne, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da aka buga a Italiya a 1550. Ƙasashen da ya lissafa su aka yi ta juyawa fiye da shekara ɗari. Bai sa Kabi a lissafin ba, shi ke nan.

Na nuna musu kogin. A takardar, Kwara ta taso daga wani tafki wajen Barno, ta miƙe yamma ɗoɗar har teku. Kawu, da ya yi shekaru yana fataucin kifi a Yawuri, ya ce, "A'uzubillahi, ruwa na hawan tudu?" Na ce ai sai 1796 Mungo Park ya tsaya a Segu ya ga gabas take yi, kuma sai 1830 'yan'uwan nan biyu, su Lander, suka biyo ta Yawuri suka bi ta har bakin teku. Na ce mutumin da bai san inda Kwara ta dosa ba, shi zai san Kabi?

Da na tsaya nan da an tashi lafiya. Sai na ƙara. Na ce, "Ku ma masu murnar, dubi inda ya ajiye ku. Gabas da Kano, saura ƙiris ku faɗa Barno. An ɗauke ku an sa ku inda ba wurinku ba."

Bala bai yi dariya ba. Ya dubi takardar ya daɗe. Ya ce, "Ai bai yi ƙarya ba. Shekara huɗu ke nan muna inda ba wurinmu ba."

Ko ludayi ba a sake ɗagawa ba. Kawu ya shiga jan carbi.

Yaya aka yi na manta? Ban manta ba ma, wannan ne ke cina. Ni na tura kuɗin mota daren da suka fito. Na san ɗaki biyun da suke haya a Gusau, su goma sha ɗaya. Na san rumbunan Gwaggo guda uku da aka bari cike, da gonar bakin gulbi, da kabarinta da bai sake gani ba. Duk na sani, amma saboda wani Bature da ya mutu shekara ɗari uku da wani abu bai rubuta sunan ƙasarmu ba, na buɗe baki na faɗi wannan. Allah ma ya taimake ni ban kai ga abin da Alwazzan ya rubuta kan mutanen Zamfara ba, don ba mai daɗi ba ne, kuma yana kan harshena.

Ban iya ba da haƙuri ba. Tsakaninmu ba a taɓa yi ba, da na ce "yi haƙuri" da abin ya ƙara nauyi. Sai na tashi na buɗe adaka na ɗauko taswirar Barth, matafiyin nan Bajamushe, mai ninki huɗun nan da na lallaɓa da takardar shinkafa. Na ce ga wadda mai ita ya taka da ƙafarsa. Abdulkarim, kamar yadda ya kira kansa, ya baro Katsina a 1853, ya ratsa Zamfara, ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya sauka Gwandu zamanin Halilu, ya biyo ta nan Birnin Kebbi ya nufi Say. Wani masanin taswira, Petermann, ya zana taswirorin daga ma'aunin da ya riƙa ɗauka a hanya, aka buga a 1857 da 1858. Ga Gando, haka ya rubuta Gwandu. Ga Birni-n-Kebbi. Kawu ya ɗan saki fuska: "To, wanga ya san abin da yake yi."

Bala bai kalli ɓangarenmu ba. Gabas ya bi da yatsa har ya samu Zyrmi. Na ce Zurmi ce. Ya gangara Badarawa. Ya koma baya, ya yi sama kaɗan, yana motsa leɓe. Ƙauyensu ba ya ciki, ban ma san ko an kafa shi a lokacin ba. Ya sa farce a wani fili fari tsakanin layi biyu ya ce, "Nan wajen." Ya danna har takardar ta ɗan lotsa.

Ku da kuka san ni kun san ko Asiya ba ta taɓa takardun nan da hannu. Na taɓa korar Abba daga ɗaki saboda ya yi atishawa kusa da zanen Kano daga kan Dala. Yau ina kallon farcen Bala, da sauran danshin fura a yatsansa, ban ce uffan ba.

Ya tambayi wani wuri da babu garuruwa. Na ce dajin Gundumi ne, ayarin su Barth yini da kwana suka yi suna tafiya ba sauka, don tsoron mahara. Ya ce, "Ashe tun can hanyar ba ta da lahiya." Ya ninke ta da kansa, ba ta kan tsohon ninkin ba. Wannan ma na haɗiye.

Da za su fita ya ce in yi masa kwafi ya kai wa yara. Na ɗauka ta Barth yake nufi. Ya ce a'a, ƙaramar, mai Zanfara. Na ce ai wurin ba daidai ba ne. Ya ce ya sani, sunan yake so su gani.

Sauran yinin ba wani abu. La'asar a masallacin unguwa. Na duba ƙasan adaka, ba alamar gara, na ƙara kafur, damina ta kusa. Nura ya turo hoton wata da ya gani: taswirar da aka zana wa matafiyin Bature Clapperton a Sakkwato a 1824 zamanin Sarkin Musulmi Bello, wadda aka buga a Landan a 1826. Shekara nawa ina nemanta. Na ga kuɗin, na rufe wayar.

Wajen cin tuwo Hajiya ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, "Malam, wanda bai san inda Kwara ta dosa ban nan, shi ne ka tura wa Nura kuɗin gyaran rufi a kansa?" Ashe duk tana jinmu daga madafa, kuma ashe ɗan nata ya riga ya tona. Na ce miyar ta yi daɗi.

Ɗazu da aka ɗauke wuta na kunna tocila na sake bin ta da madubi, harafi harafi, gefen kogin duka biyu, ko an rubuta Kabi da wani irin rubutu na Turawa ban lura ba. Babu. Na ma ji kunyar kaina da nake nema.

Ba zan sa ta a injin fotokwafi ba, hasken da zafin ba su da kyau ga tsohuwar takarda. Na ɗauki hotonta da rana a bakin taga, ya fita sosai. Matsalar gobe Lahadi, shagon da ke buga mai kala ba ya buɗewa da wuri, shi kuma Bala motar farko yake son bi, ta Jega da Tambuwal, don ya wuce Mafara da sauran rana. Na kira yaron shagon sau uku bai ɗauka ba. Bayan asuba zan je in buga masa ƙofa a gida.