Kalma ɗaya ta warware min babin da ya ci mako uku

'Yan uwa masu koyon rubutu, yau bakina har kunne. Mako uku cur ina kokawa da babi ɗaya: abokai biyu, ɗaya (Bala) ya samu duniya, ɗayan (Sani) yana nan a garejinsa. Sau biyar ina kai shi shagon buga takarda, ina dawowa ina yagewa, kuɗin kuwa har yanzu yana min zafi. Kullum sai in tsinci kaina ina yi wa mai karatu bayani: "Sai Sani ya ji ya ƙanƙanta." Lami, ba gishiri.

Daren jiya na koma babi na 27 na Great Expectations na Charles Dickens, littafin 1861. Joe maƙeri, mijin yayar Pip (jarumin littafin) kuma abokinsa tun yana ƙarami, ya je Landan ganinsa bayan Pip ya shiga daula. Ya rasa inda zai ajiye hularsa, ya ɗora ta a saman murhu, tana ta faɗowa. Can sai ga shi yana ce wa Pip "sir", wato yallaɓai. Yaron da ya taɓa goyawa fa! Abin da na sha wucewa ban lura ba shi ne bai tsaya kan yallaɓan ba. In ƙauna ta rinjaye shi ya ce Pip, in ya tuna inda yake ya koma yallaɓai. Da zai tafi kuwa sai ya ajiye ladabin, ya faɗa masa kai tsaye cewa tufafin da ya sako ba su dace da shi ba, shi wurinsa maƙera ce. Nan girma ya koma hannun Joe. Pip ya bi shi waje, ya tarar ya ɓace.

Na tashi ƙarfe ɗaya na dare na goge bayanin kaf. Yanzu Sani ya fara da "Kai, Bala, ashe kana raye?" Da direba ya shigo da makullin mota, sai ya koma "Alhaji, ai ba zan daɗe ba." Bala kuma bai ce masa ya daina ba. Wannan shirun nasa ya fi komai yi min daɗi.

Saura juyin ƙarshe. Na gwada sau biyu, Sani sai ya ɓige da wa'azi, alhali bakanike ne. Wanda ya taɓa fita daga irin wannan ramin ya miƙo min hannu.