Laraba a ɗakin gwaji: amfilifayar Doherty ta fara jin magana

Zafin Zariya ya sauko tun kafin ƙarfe tara, kuma yau ce ranar da Malam ya ce in kunna amfilifayar da na haɗa, wato na'urar ƙara wa siginar rediyo ƙarfi, mu ga ko za ta cika alkawarin da lissafin kwamfuta ya yi mana. Ina miƙa hannu ya ce, "Ɗana, wutar get tukuna, sannan ta diren." Taransistar GaN (wadda aka yi da sinadarin gallium nitride) haka take: get ne ƙofar da ke sarrafa lantarkin da ke bi ta diren, kuma idan ba a fara danne get ɗinta da wutar negatif ba, lantarki zai kwarara ta ƙone nan take, ga ta da tsada.

Abin da nake kokawa da shi tsohon ciwon kai ne. Amfilifaya ta fi tattalin wuta idan an tura ta dab da iyakarta, kuma a daidai nan take fara murguɗe sigina. An kasa amfilifaya aji-aji gwargwadon yadda aka saita taransistarta. Ajin A yana fitar da sigina tsaf yadda ta shigo, amma ko a takarda abin da yake mayarwa sigina daga wutar da ya sha bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba. Ajin B ya kai 78.5, shi ma sai a ƙololuwa. Masu gidan rediyon FM sun huta, ƙarfin siginarsu ba ya hawa ba ya sauka, ajin C ya ishe su. Siginar 4G kuwa yawanci tana ƙasa-ƙasa, sai can ta yi tsalle. Dole a bar wa tsallen nan fili, kuma muddin amfilifaya na zaune a ƙasa tana jira, wutar da take sha zafi take komawa.

Dabarar da William Doherty ya fitar a cibiyar bincike ta Bell Labs a 1936, wadda a kanta na haɗa tawa amfilifayar, har yau tana burge ni. Kamar mutum biyu ne da amalanke: ɗaya na turawa koyaushe, ɗayan ba ya sa hannu sai an zo hawa. Babbar taransista na ajin AB, mataimakiyar na ajin C, tana farkawa ne wajen desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sigina) ƙasa da ƙololuwa, kuma wani ɗan layin jan ƙarfe mai tsawon rubu'in zangon sigina shi ke sassauta wa babbar kaya idan ƙaramar ta shigo.

Na shafe hantsi da ɗan sukudireba a hannu, ina murza wutar get ta mataimakiyar kaɗan-kaɗan, idona kan allon na'urar duba sigina. In na jinkirta farkawarta sai mitar lantarki ta sauka, ƙarfen tsotse zafi ya daina ƙona yatsa, amma kafaɗu biyu su taso a gefen siginar. Kafaɗun nan datti ne da ke zuba cikin tashar maƙwabci, kuma ƙa'idar 3GPP, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin sadarwar wayar salula, ta ce a tashar 4G sai sun kasance ƙasa da ainihin siginar da aƙalla desibel 45.

Bayan azahar muka haɗa gyaran riga-kafi na kwamfuta. Tana ɗaukar abin da ya fito, ta gwada da abin da ya shiga, ta karkata siginar ta ɗaya ɓangaren tun kafin ta isa taransista. Ina kallo kafaɗun suka zube. Wallahi na ji daɗi har cikin raina, domin yawancin turakun waya a ƙasar nan da dizal suke kwana, kuma amfilifaya na cikin manyan masu shan wutar.

Da muka faɗaɗa siginar zuwa megahaz 20, kafaɗar dama ta ƙi sauka daidai da ta hagu. Malam ya daɗe yana kallo, ya ce yana zargin kafasitocin layin wutar diren ne, wato 'yan na'urorin da ke ajiye lantarki na ɗan lokaci. Kafin mu tabbatar aka ɗauke wuta. Gobe, in Allah ya kai mu, zan matso da su kusa da taransistar in sake aunawa.