Neman damisa a kwarin Luangwa

Daga Lusaka ƙaramin jirgi muka hau zuwa Mfuwe, a gabashin Zambiya, tafiyar awa ɗaya da ɗan ɗori. Watan Satumba ne, rani ya yi nisa. Kogin Luangwa ya ja baya ya bar rairayi fari fat, dorinai sun cunkushe a ragowar ruwan suna gurnani, kadoji kuma sun baje a gaɓa suna shan rana. Da zarar ka haye gadar Mfuwe ka shiga gandun dajin South Luangwa, mai faɗin murabba'in kilomita 9,050. Tun 1938 aka keɓe shi don namun daji, a 1972 ya zama gandun daji na ƙasa.

Giwaye, ɓauna, zakuna da wani irin raƙumin dawa da babu shi ko'ina sai a wannan kwari, duk mun gan su ba wahala. Amma ni damisa ce ta kawo ni.

Abin da ya fara kama zuciyata shi ne bishiyoyin. Kanya ce ga ta nan, dogo-dogo, ta yi kurmi a bakin kogi, ga tsamiya, ga gawo, ga kuka jefi-jefi. Na ce wa jagoranmu a garinmu yara ke hawan kanya su ci 'ya'yanta. Ya ce a nan birai ke ci, damisa kuma ke kwana a reshenta, don haka in riƙa ɗaga kai.

Jagoran nan mutumin yankin ne, ɗan ƙabilar Kunda, mai ƙarancin magana. Aikinsa ya fi dogara ga kunne a kan ido. Sai ya kashe mota a tsakiyar hanya ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Kukan gwaggon biri in ya hango damisa daban yake da na faɗan cikin gida. Barewar da suke kira impala takan yi atishawa mai ƙarfi, ta kafe ido wuri guda. Zabi ma suna da nasu ƙarajin. Da waɗannan yake auna inda take, da inda ta nufa. Ya sauka ya nuna mana sawunta a ƙura: zagayayye, bai kai na zaki ba, babu alamar farce, saɓanin na kura. A ganina wannan karatun daji shi ne rabin daɗin tafiyar, kuma duk wanda ya matsa wa jagora lamba a yi sauri, kansa ya cuta.

Ana fita ne da sassafe, sai kuma ƙarfe huɗu na yamma zuwa takwas na dare, domin wannan gandun yana cikin waɗanda aka yarda a zaga da fitila bayan duhu. Da rana ta faɗi aka tsaya a wani fili a bakin kogi, na yi sallar magariba kusa da mota, mai riƙe da fitila yana duba mini gefe da gefe.

Muna tashi ba da jimawa ba muka ji wani sauti kamar ana yankan katako da zarto. Jagora ya ce, "Ita ce." Muka bi a hankali. Hasken fitila ya faɗa kan wata kanya, sai ga ƙafafun impala suna lilo daga reshe, jini bai gama bushewa ba. Tana kwance kusa da gawar, ta sako wutsiya ƙasa. Na ga haƙarƙarinta na hawa da sauka, na ga tana fige gashin cinyar da haƙoran gaba tana tofarwa kafin ta fara ci. A gindin bishiyar kuraye biyu na zagaye, suna jiran abin da zai faɗo. Dalilin da ya sa take jan nama sama ke nan, wani lokaci ma naman ya fi ta nauyi. Jagora ya gane ta da ɗigogin da ke saman gashin bakinta, ya ce tana da ɗa da ta ɓoye a wani kwazazzabo.

Mu da muka tashi da kirarin "damisa ƙi sabo", abin ya girgiza ni. Ta dube mu sau ɗaya, ta ci gaba da harkarta. Shekaru da yawa ba a harbi damisoshin nan daga mota ba, shi ya sa suka daina gudun mota. Amma ya gargaɗe mu kada wanda ya miƙe tsaye, don da ta ga siffar mutum za ta ɓace.

A hanyar komawa ya ba mu labarin tarkon waya da mafarauta ke ɗanawa don barewa, ya kama damisa ko zaki a wuya ko ƙafa. Ƙungiyar Conservation South Luangwa na sintiri tana kwance su, kuma 'ya'yan ƙauyukan nan ne ke aikin. Muryarsa ta canza da yake faɗa, na gane abin na ci masa rai.

Mai niyyar zuwa ya nufi tsakanin Yuli da Oktoba, lokacin da dabbobi ke taruwa a bakin ruwa. Oktoba akwai zafi mai tsanani, Yuli kuma sai da rigar sanyi da asuba. Ya sha maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, kuma kada ya bar fitar dare ta wuce shi.