Alhamis a gaban faifai: awo, kyamara da lissafin 501

Alhamis, tsakiyar Fabrairu. Hunturu bai gama sakin gari ba.

Da hantsi na fara da faifan das, wato wasan jifan ƙananan kibau, domin gidan 20, mafi girman lamba a jikinsa, ya yi laushi har kibiya na shiga ta sunkuyar da wutsiya. Faifan wasan das na gaske da zaren sisal ake yin sa, a matse tam, shi ya sa ramin ke rufe kansa idan an zare kibiya. Amma wurin da ya fi shan duka yana gajiya, kuma busasshiyar iskar nan tana ƙara masa. Kada a kuskura a yayyafa masa ruwa wai don ya farfaɗo. Zaren kumbura yake yi, ya bushe da tudu da kwari, faifai ya tashi aiki. Maganinsa juyi ne kawai: a cire zoben lambobi, a murɗa faifan gida biyu, ko huɗu, ko shida, a mayar da zoben. Ba a juya gida ɗaya ko uku, saboda gidaje ashirin ɗin baƙi da fari ne bi da bi, kuma dole 20 ta zauna a kan baƙi mai jan zobe. Na murɗa shida zuwa dama, tsohon gidan 20 ya koma na 10, inda zai samu hutu.

Duk wanda ya taɓa faifai sai ya sake awo. Daga ƙasa zuwa tsakiyar cibiya mita 1.73. Daga fuskar faifan zuwa layin tsayuwa mita 2.37. Kuskuren da aka fi yi shi ne a aza tef a jikin bango a ja 2.37 ɗin, a manta faifan na da kauri kusan santimita huɗu. Mai yin haka ya matso kusa bai sani ba, sai ranar da ya tsaya gaban faifan wani ya ga kibansa duk suna sauka ƙasa da inda ya saba. A rataya zare mai ɗan ƙarfe a ƙarshensa daga fuskar faifan, irin yadda magina ke duba gini, a yi alama inda ya taɓa ƙasa, daga nan a auna. Sannan a tabbatar da awo na uku: daga cibiya kai tsaye zuwa layin tsayuwa, mita 2.93. Idan wannan bai fita ba, ko dai ɗaya daga cikin biyun farko ya kauce, ko daɓen ɗakin ba a baje yake ba. A wasan intanet babu alƙalin da zai zo da tef ɗinsa, awon kowa amanarsa ce.

Kibiyar kanta gaɓa huɗu ce: tsini, mariƙi, kara da fiffike. Doka ta yarda har giram 50, amma akasarin ƙwararru suna tsakanin 20 da 26, da mariƙin ƙarfen tungusten, wanda nauyinsa ke ba shi damar zama siriri har uku su cusu cikin gida ɗaya. Abin lura a wannan yanayi basilin ne. Kowa na shafawa saboda kaushi, kuma ɗan abin da ya rage a yatsa yana cika tsagogin mariƙi, kibiya ta riƙa sulɓewa kafin a sake ta. Tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu mai ɗumi sun isa. Tsini kuma idan ya yi santsi kamar madubi ba ya kama zare, sai a goga masa sanfefa kaɗan a gefe, ba a baki ba. Tsini mai kaifin allura cin wayar da ta raba gidajen faifai yake yi ya dawo.

Bayan azahar sai kyamara, wadda ita ce rabin wasan nesa.

Tsarin mai sauƙi ne. Kowa na jifa a faifansa a ɗakinsa, kyamara na nuna wa abokin karawa faifan, kowa na shigar da makinsa a manhaja. DartCounter, Lidarts da Nakka duk a kan wannan suke tafiya. Wayar salula biyu ta fi ɗaya: guda a kan ƙafar kyamara ba mai taɓa ta, guda a hannu ko kwamfuta don shigar da maki. Wadda ke kallon faifai a ajiye ta kamar mita ɗaya da rabi daga bango, a gefe, kuma ƙasa da cibiya tana kallon sama. Dalili shi ne kibau kan tsaya wutsiya a ɗage. Kyamarar da ke sama bayan mai jifa mariƙi da fiffike take gani, sun rufe tsinin, alhali tsinin ne maki. Daga ƙasa kuwa ana ganin inda ya shiga sarai.

Faifan ya cika hoton, kada a bar shi can tsakiya kamar kwabo a tire. Ga lissafin: faɗinsa milimita 451 ne, zoben ninki biyu da na ninki uku, inda makin gida ke ninkuwa, kuwa milimita 8 kacal. Idan tsayin hoton ɗigo 720 ne kuma faifan ya cika shi, zoben na samun ɗigo goma sha biyu zuwa sha uku, ana iya bambance ciki da waje. A rage inganci zuwa 480 don tattalin data, a kuma bar faifan a rabin hoto, zoben ya koma ɗigo huɗu. Nan gardama ke farawa. Bidiyo mai 720 na son megabit ɗaya da rabi zuwa biyu na aikawa, kuma saurin aikawar ne abin dubawa, ba na saukewa ba. Da naka hoton da nasa, awa guda na cin gigabayt ɗaya da wani abu.

Sai ƙananan abubuwa masu ɓata wasa. A danna kan faifan a allon waya a riƙe har ta kulle hangenta, in ba haka ba duk wucewar hannu sai hoto ya dushe ya dawo. Idan layuka na yawo a hoton, fitila ce ke saɓawa da kyamara: wutarmu mai bugu 50 ce a daƙiƙa, a saita kyamarar kan 50, ba 60 ba. Ƙwan silin guda ɗaya na jefa inuwar kowace kibiya a kan gidan da ke ƙasanta, shi ya sa zoben fitila mai kewaye faifai ya fi, kuma wanda ke aiki da batirin ajiya ya fi dacewa da mu. A kashe fanka, tana kaɗa fiffike. A sa kira a shiru, domin kira ɗaya na iya yanke bidiyo.

Ba ƙananan 'yan wasa kaɗai wannan ke kamawa ba. A Afrilun 2020, lokacin kullen korona, hukumar ƙwararrun 'yan das ta PDC ta shirya gasar da ta kira Home Tour: ƙwararru huɗu kowane dare, kowa a gidansa da kyamararsa. Gary Anderson, wanda ya ci kofin duniya sau biyu, ya janye da farko saboda intanet ɗin gidansa ba ta da ƙarfi. A dare na biyu Luke Woodhouse ya rufe 501, wato ya sauko da makinsa daga 501 zuwa sifili, da kibiya tara daga kicin ɗinsa, yana karawa da Gerwyn Price. Nathan Aspinall ne ya lashe gasar.

Ƙarfe biyar, bayan la'asar, wasan lig da wani Bajamushe. A wannan wata agogonmu da nasu ɗaya ne, sai ƙarshen Maris su wuce mu da awa guda. Wanda ya fara cin zubi huɗu ya yi nasara. Kowane zubi daga 501 ake saukowa, kibiya uku uku, kuma jifan ƙarshe dole ya faɗa zoben ninki biyu ko jar cibiya mai 50. Wanda ya zarce makinsa, ko ya bar 1, ko ya kai sifili ba ta ninki biyu ba, jifansa ya ƙone, ya koma inda yake.

Ladabin wasan nesa: a bar kibau uku a jiki daƙiƙa biyu ko uku, a shigar da maki, sannan a zare. Kada jiki ya tare kyamara wajen zarewa. Kibiyar da ta faɗo ba ta da maki, haka wadda ta soke a wutsiyar 'yar uwarta. A zubi na uku kibiyata ta biyu ta tsaya a jikin wayar da ta raba ninki uku na 20 da na 1, bambancin 60 da 3. A hotonsa fiffiken ta farko ya rufe ta. Na bar komai yadda yake, na ɗauki waya ta biyu na matsa na ɗauki hoto daga gefe. Tsinin ya kwanta a hagun wayar, cikin ja. Ya turo babban yatsa, muka ci gaba. Da na riga na zare, 3 zan rubuta, don haka al'adar take.

Ya ci 4 da 2, kuma lissafi ne ya ba shi, ba hannu ba. Ga inda abin ya karye. Saura 229, kibiya biyu sun faɗa 20 tilo. Ta uku na sake jefa ta 20, ya zama 60, saura 169. Ita kuwa 169 ba ta rufuwa da kibiya uku, ita da 168, 166, 165, 163, 162 da 159. Da 19 na jefa, da 170 ta rage, mafi girman abin da ake iya rufewa: ninki uku na 20 sau biyu da cibiya. Haka 126. Ana fara ta daga 19, domin ko tilo ta faɗa saura 107, wato ninki uku na 19 da cibiya. Mai farawa daga 20 idan ya samu tilo saura 106, ba hanya da kibiya biyu. Kuma 32 ta fi 40 daɗin bari ga mai koyo: ninkin 16 idan ya faɗa ciki ya koma 8, da ke maƙwabtaka da shi a faifai, sai 4, sai 2, sai 1. Ita 40 daga 20 sai 10 sai 5, ta tsinke a mara.

Zubi biyun da na ci, ɗaya kibiya 24 ne, ɗaya 27. Matsakaicin maki ana samun sa ne a raba maki da yawan kibau a ninka sau uku. Kibiya 24 na ba da 62.6, 18 na ba da 83.5, 15 kuma 100.2. A nan ake yawan ha'inci ba da niyya ba: manhaja kan tambaya da kibiya nawa ka rufe, wasu su danna 1 alhali da ta uku ce ta shiga. Masu na'urar ƙirga maki da kanta sun huta da wannan. Ɗaya daga cikin irin na'urar, Autodarts, na aiki da kyamara uku a kewayen faifai, a tazara daidai. Abin da ya fi hana su tashi shi ne a cusa ukun a rami ɗaya na USB da hoton da ba a matse ba, sai ta ukun ta ƙi. A saita su kan MJPG, tsarin da ke matse hoton, ko a raba musu ramuka. Kuma duk juyin faifai irin na safiyar yau sai an sake daidaita su.

Ƙarfe takwas, bayan isha'i, gasar Premier League ta das, wadda ke farawa bakwai agogon Ingila kowace Alhamis daga Fabrairu zuwa Mayu. Mutum takwas ne, kowane dare a wani birni, sili ɗaya ƙwale: kusa da na kusa da ƙarshe, na kusa da ƙarshe, da na ƙarshe, duk mai fara cin zubi shida. Zakaran dare maki 5, na biyu 3, waɗanda suka tsaya a na kusa da ƙarshe 2. Ihun jama'a da kayan ban dariya da kofunan giya al'adarsu ce can, ni allon maki nake kallo. Mai fara jifa a zubi na da riba babba, domin idan su biyun duk kibiya 15 suke buƙata, shi zai riga. Shi ya sa ƙwace zubin da abokin karawa ya fara ke yanke wasa. A wannan gasa ce Michael van Gerwen ya yi matsakaicin 123.40 a 2016 a kan Michael Smith.

Kowace babbar gasa da halinta. World Matchplay a Blackpool cikin Yuli zubi zalla ce. World Grand Prix sai da ninki biyu ake buɗewa, ba rufewa kaɗai ba, don haka gwani kan tsaya yana jifa makinsa bai motsa daga 501 ba. Kofin duniya a Alexandra Palace da ke Landan, daga Disamba zuwa farkon Janairu, da saiti ake yin sa: zubi uku ke ba da saiti, saiti bakwai ke ba da kofi a wasan ƙarshe, ta yadda mutum kan iya cin zubi mafi yawa ya kuma sha kashi. Can Luke Littler ya doke van Gerwen 7 da 3 ranar 3 ga Janairun 2025 yana ɗan shekara 17. Phil Taylor na da kofin duniya 16. Hanyar shiga sahunsu kuwa ba ta intanet take bi ba: katin ƙwararru 128 ne, ana neman sa a gasar tancewa mai suna Q-School kowane Janairu, a Ingila da Jamus, a tsaye gaban faifai da mai rubuta maki a gefe.

Wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa na biyar. Zoben fitila bai ko ƙyafta ba, yana kan batiri, sai na yi amfani da shi na jefa kibiya talatin a ninkin 16 kafin kwanciya. Bakwai suka shiga, goma sha ɗaya suka faɗa ciki, sauran waje ta hagu. Fiffike biyu sun tsage, saura saiti ɗaya a gwangwani.